Ranar da Kakana Ya Kori Baƙonsa

Jiya matata ta jefa kanwa a tukunyar wake, ƙamshin ya mayar da ni zauren kakana a Azare.

Kakana fatoma ne, mai saukar da fatake. Duk kaka, bayan an shigar da gero rumbu, wani falke daga Damagaram yakan sauka gidanmu da takarkarai ɗauke da jar kanwa. Fulanin Gololo su zo su saya wa shanunsu. Shekara ashirin falken da kakana suna ci a akushi ɗaya, har mu yara muna ce masa Baba.

Sai yaƙi ya tashi a ƙasar Turawa. Aka ce Jamus ta ci Faransa, ƙasar Damagaram ta koma hannun maƙiya. Ingila ta rufe hanya: kada gero ko zane ya haura arewa, kada kanwa ta gangaro. Ranar kasuwa malamin hakimi ya hau turmi ya karanta wata takarda, wai duk wanda ya fito daga can ɗan leƙen asiri ne, mai masaukinsa ma haka. Babu wanda ya iya boko a cikinmu balle ya duba.

Falken bai ji labari ba, ya biyo hanyar daji kamar kullum. Kafin ya sauke kaya maƙwabta sun cika ƙofar gida. Mutanen da suka sha cin dabinonsa su ne ke tofar da yawu.

"Malam, ka ajiye mana Jamus a unguwa?" in ji ƙanen babana. "In dogarai sun zo, kai kaɗai za su ɗaure?"

Kakana ya miƙa wa baƙon ƙwaryar ruwa, bai shimfiɗa tabarma ba. "Sha ka juya, ɗan'uwa."

"Ni Jamus ɗin nan ko kalarsa ban sani ba," in ji falken. Bai sha ruwan ba.

Bayan damina biyu malamin nan ya sake hawa turmi, wai Faransa ta zama aminiya, a kawo kanwa. Manyan ƙasashe sun shirya da juna. Falken bai sake zuwa ba. Kakana ya aika masa da goro sau uku, ana dawo da shi.

Yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙaƙe a hankali. Rediyon manyan ƙasashe kuma duk sun iya Hausa, kowacce tana nuna mana maƙiyinmu. In na ji, sai in leƙa in ga wane ne a zaurena kafin in kira shi maƙiyi.