Yatsan da Inji Ya Ƙi

Ko na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da manya suka zo sansaninmu na bayan Yolde Pate ba. Shekarar gudu ce, mun baro ƙauye da zanin jikinmu kawai.

Akwai wata tsohuwa da muke tabarma ɗaya, Kirista ce daga kan dutse. Ita ta yi addu'arta, ni in yi sallata, mu yi gulmar kowa. Katin abinci kuwa sai inji ya ɗauki yatsanka. Nata ya ƙi. Fartanya ta cinye zanen yatsan tun tana budurwa. Ta shafa mai, ta tofa miyau, a banza. Sai muke cin rabona mu biyu. Kullum ta kai loma biyu ta janye hannu.

"Ci mana, mayya!"

"Na ƙoshi, uwar surutu."

Ƙarya take. Kunya ce.

Da aka ce manya za su zo jin koken jama'a, ta yi ta bitar maganarta: a dubi fuskarta a ba ta, tun da yatsa ya ƙare. Ranar aka jera mu tsofaffi a kujerun gaba, aka ba mu lemo, aka ɗauki hoto. Ana gamawa aka ce kujerun na baƙi ne, mu koma gindin dalbejiya. Shugaban matasa ya yi magana, shugabar mata ta yi. Tsohuwar tawa ta ɗaga hannun nan, ta tallafe shi da ɗayan. Wani mai farar riga ya leƙo ya ce, "Dada, lokaci ya ƙure, sai wani zuwan."

Ta sauke ta ce mini, "Aƙalla mun sha lemo."

Ba ta kai wani zuwan ba. Ta rasu kafin damina, ba ta taɓa cin abinci da sunanta a wurin nan ba.

Daga baya na shiga yaƙi da jahilci a Jimeta, da furfurata. Yau ni nake rubuta wannan. Amma har yanzu in na zuba tuwo sai in tura rabi gefe, in jira a zage ni.

Abin da na koya: tsoho in ya ɗaga hannu, a sama zai bushe. Yanzu a taro ba na ɗagawa. Miƙewa nake in fara, bakina da nata.