Harsasan Baffa Masu Rigar Takarda

Baffa ya rasu. Ina tsaye ina wanke kofin shayi da safen nan 'yarsa ta kira ni daga unguwarsu, Arba wa Nus, ta ce bayan asuba ya koma ya kwanta, bai sake tashi ba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ba zan rubuta sunansa na gaskiya ba, ko na 'yarsa. Idan kun karanta zuwa ƙarshe za ku gane dalili. Mu dai Baffa muke ce masa.

Zan kuma faɗi abin kunya tun da wuri. Da na ajiye wayar, ba hawaye ne ya fara zo min ba, tsoro ne. Wani gwangwanin halawa da ke ƙarƙashin gadonsa na tuna.

A kasuwar Ataba ta Alƙahira na san shi, shekarar da na zo karatu. Na ɓata cikin layin masu jakunkuna, ina ta waige-waige, sai wani dattijo da ke ɗaure kwalaye a bakin shago ya dube ni ya ce, "Kai, ɗan Kano ne ko Zariya? Tafiyarka ta tona ka." Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka tashi zuwa Makka a ƙafa suka tsaya a hanya. Yaƙi ya koro shi Masar, shi da 'yarsa guda da ta rage masa.

Shi ya koya min wace microbus ake hawa da wadda ake bari ta wuce. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, tun daga Arba wa Nus ya ɗauko asida, tuwonsu na Sudan, a kula har Giza inda nake zaune, ya zauna sai da na cinye. Bai taɓa kirana da sunana ba. Ustaz yake ce min, yana dariya, don ya san ko ajin farko ban gama ba.

Kafin yaƙi maharbi ne. Shi yake tsare gonakin garinsu daga mugun dawa, da wata tsohuwar bindiga da ya gada. Harsashinta ba a samunsa a kasuwa, don haka da kansa yake narka dalma ya zuba, sannan ya naɗe kowanne da siririyar takarda. Bindigar tana can, Allah kaɗai Ya san a hannun wa. Amma ya iso Alƙahira da 'yan kawunan dalmar nan a gwangwani. Yadda ya tsallako da su ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Babu albarushi, babu kwanso, babu bindiga. Dalma ce kawai da takarda. Amma ku gaya min, wane ɗan sanda ne zai tsaya jin wannan bayani daga bakin baƙo?

Idan kewar gida ta taso masa, sai ya jawo gwangwanin ya warware guda ɗaya. Ya yanka sabuwar takarda a karkace, ya jiƙa ta da miyau, ya mirgina dalmar a kan cinyarsa har takardar ta kama lif, ya murɗe wutsiyar. Hannun da ke karkarwa wajen ɗaukar kofi, a nan ba ya karkarwa ko kaɗan.

Ranar farko da na gani na ce, "Baffa, takardar ta mece ce?"

Ya ce, "Riga ce, Ustaz. In dalma ta goga ƙarfe tsirara sai ta bar datti a cikin bindiga, harbi ya karkace. In ka sa mata riga sai ta tafi sak."

Ni kuwa ido na yana kan ƙofa. Duk wanda ya san ni ya san ni matsoraci ne. Ko motar 'yan sanda na hango daga nesa sai na laluba aljihu na ji ko fasfo yana nan.

Juma'ar da ta wuce ne ganina da shi na ƙarshe. Mun dawo daga masallaci, ya zauna a bakin gado yana haki. Ya jawo gwangwanin ya tura min da ƙafa.

"Ustaz, kai kana kusa da kogi. Tafi da su ka watsa a ruwa. Yarinyar nan an kira ta interview a ofishin 'yan gudun hijira. Ba na son a samu wani abu a ɗakin nan da zai ɓata mata takarda."

Na tuna na'urar duba jaka da ke bakin tashar jirgin metro. Na tuna iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana wajen sabuntawa, 'yar takardar shaida kawai ke hannuna. Na ce, "Baffa, bari sai wani satin, in sha Allah."

Ya ce, "Ma'alesh, ba komai. Khalas, wani satin." Ya mai da shi ƙarƙashin gado.

Shi ya sa yau da safe na fita ko takalmi ban ɗaure daidai ba.

Na sami 'yarsa zaune a ƙasa kusa da Baffa, an rufe shi da zane. Mai gadin gidan yana bakin ƙofa, ya ce likitan gwamnati yana hanya don ya duba gawa kafin a ba da izinin binnewa, kuma tunda baƙo ne ya mutu a gida, wataƙila ɗan sanda ya biyo shi. Yana faɗa yana leƙen ɗakin.

Na jira ya sauka. Na durƙusa a gefen gawar mutumin da ya ciyar da ni, ko addu'a ban fara yi masa ba, na zura hannu ƙarƙashin gadonsa. Allah Ya yafe min. Na juye gwangwanin a aljihun jallabiyata. Dalma nauyi gare ta, aljihun ya rinjaya gefe guda, dole na dafe shi da hannu kamar mai ciwon ciki.

A kan matakala muka yi kiciɓis da likitan. Shi kaɗai ne. Na yi masa sallama, na wuce da sauri.

Ban hau metro ba. Microbus uku na canza. A ta biyu muka tarar da shingen bincike, jami'in ya leƙo, idonsa ya tsaya a kaina, ni kaɗai ne baƙin fata a motar. Duk addu'ar da na haddace ta gudu, sai Hasbunallahu kawai nake maimaitawa. Ya ce, "Sudani?" Na ce, "Nijeriya, ɗalibi." Ya juya takardar shaidata gaba da baya, ya miƙo min, ya buga jikin motar. Gumi ya jiƙa ni har cikin safa.

A tsakiyar gadar kogin na tsaya kamar mai kallon ruwa, na riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙara ba su yi ba. A nan ne kuka ya zo min. Abin da na kasa yi masa yana raye, minti biyu kawai ya ɗauka.

Na koma Arba wa Nus bayan azahar. Mata sun cika ɗakin, har yanzu ana jiran takardun jana'iza. Na kira 'yarsa gefe na ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki, duk na zubar."

Ta ce, "Ba duka ba."

Ta buɗe tafin hannunta. Guda ɗaya, takardarsa sabuwa fil. Ta ce jiya da la'asar ya naɗe shi, ya ajiye a kan taga ya bushe.

Na ce, "Don Allah ki ba ni. Ranar Talata, ranar interview ɗinki, za a caje jakarki a ƙofar ofishin nan. Ko a gida kika bar shi, mai gadin nan kin ga yadda yake leƙe. Baffa da kansa ya ce a zubar."

Ta rufe hannun. Ta ce, "Gidanmu ya ƙone, Ustaz. Ko hotonsa na da ba ni da shi. Wannan ne abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa." Na sake buɗe baki, ta katse ni. "Ran da ya ba ka, ka ƙi karɓa. Yau ni ma na ƙi bayarwa."

Ina zaune a bakin matakalarsu nake rubuta wannan, duk takun da na ji daga ƙasa sai gabana ya faɗi.

Ya Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka musanya masa gudun hijirar nan da gidan da ba a korar kowa. Ka yafe min jinkirin da na yi masa.

'Yan uwa, duk wanda ya karanta, ya yi wa Baffa addu'a. Kada ku tambaye ni suna ko adireshi, ba zan faɗa ba. Ku dai haɗa da 'yarsa. Kwana huɗu suka rage zuwa Talata, kuma har yanzu hannunta a rufe yake.