Mota Mai Lamba Sha Huɗu

Ranar Talatar, ƙarfe shida da rabi, Auta ta riga mahaifinta fitowa falo tana goge takalmi. Shekararta ashirin da shida, ilimin kwamfuta ta karanta, kuma shekara biyu ke nan tana aiki a sito na kamfanin rarraba kaya inda mahaifin nata yake manajan ayyuka. A gida Auta ce. A wurin aiki 'Yar Manaja ce, sunan da ta ce ba ta so amma take amsawa.

Ƙarfe bakwai suka fita a motarsa, kuma tun kafin su hau babban titi ta ɗauko zancen da ta saba. A kamfanin, gareji yana da tsarinsa a kwamfuta, sito yana da nasa, ofishin rabon motoci ma haka, babu mai ganin abin da wani ya rubuta. Sai ranar Juma'a kowa ya buga nasa a takarda ya kawo, Manaja ya baje su a tebur ya haɗa da jan biro. Shekara goma sha tara yana haka. Ita kuwa Auta ta rubuta shawarar a sayo manhaja guda wadda za ta haɗa sassan uku, shugaban kamfani ya amince, sa hannun Manaja kaɗai ya rage. Wata goma sha huɗu takardar tana teburinsa.

"Baba, da takardar nan jaririya ce, da yanzu ta fara tafiya."

Ya yi dariya ya ce ai kansa ne manhajar kamfanin, kuma bai taɓa tsayawa ba.

"To manhaja, ga wayarka. A kan firji ka bar ta."

Ƙarfe tara babban makaniki, dattijon da ya girmi Manaja a aikin, ya shiga ƙarƙashin mota mai lamba sha huɗu, ya ga bututun man birki yana yoyo. Babu sabo a ajiye. Ya je ya rubuta a kwamfutar gareji cewa kada ta fita. Ya yi niyyar cire makullinta daga allon makullai, sai aka kira shi wata mota ta lalace a hanya, ya tafi.

Ƙarfe goma wani reshe ya bugo waya, adadin kwalayen da ke wurinsu bai yi daidai da na babban sito ba, sai wani ya je ya duba da idonsa. Ƙarfe sha ɗaya mai rabon motoci ya duba tasa kwamfutar, ya ga sha huɗu lafiyarta lau, ya sa aka yi mata lodi zuwa wannan reshen. Sha ɗaya da rabi Auta ta shigo ofishin mahaifinta da takardar izinin tafiya, ta ce ita za ta je reshen, za ta hau mota a tasha. Yana kan waya. Ya rufe bakin wayar da hannu ya ce mata me za ta je yi tasha, ga sha huɗu can za ta, ta bi ta mana. Ya sa hannu bai ɗago ba.

Ƙarfe ɗaya motar ta fita. Uku saura minti ashirin, a wata doguwar gangara, birki ya ƙi. Direba ya karye a ƙafa da haƙarƙari. Auta ba ta kai asibiti ba.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta cewa yarinya ce mai haƙuri. Manaja yana amsawa, amma ya san ba haka take ba. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Ita ce ke jera cokula bisa tsawo, ita ce ta taɓa gyara wa malaminta lissafi a gaban aji har aka kira iyayenta. Bakinta yana da kaifi, yayunta biyu sun sha shi. A kamfani kuwa masu lodi suna sonta, don ta san sunan kowa da na 'ya'yansa.

Bayan mako uku ya koma aiki. Takardun Juma'o'in da suka wuce suna jiransa a tebur, an jera su yadda yake so. A na gareji ya ga layin: Talata, tara da minti sha biyu, sha huɗu, kada ta fita. Gargaɗin ya yi kusan awa huɗu a kwamfutar da ke taku arba'in daga ofishinsa kafin motar ta bar ƙofa.

Kwamitin bincike ya riga ya rubuta hukuncinsa: makaniki bai cire makulli ba, a sallame shi. Kowa yana tausayin Manaja, babu wanda zai tambaye shi komai. Matarsa ma, wadda ba ta san zancen takardar manhajar ba balle zancen tasha, ta ce ba ta son ta sake jin sunan tsohon nan a gidanta. Shiru kawai zai yi, magana ta ƙare. Ya yi shirun kwana shida. A cikinsu ya tambayi kansa dalilin da ya hana shi sa hannu, ya laluba bai sami ko ɗaya mai nauyi ba. Bai taɓa shakkar manhajar ba. Yana dai jin daɗin yadda kowa sai ya ƙwanƙwasa ƙofarsa kafin ya san abin da ke faruwa a sashen da ke kusa da shi.

Ranar zaman ƙarshe aka shigo da makanikin, ya tsaya da hularsa a hannu. Da aka karanta hukuncin ya ce ya yarda, ya cancanci fiye da haka. Sai Manaja ya nemi izinin magana.

"Cire makulli babu shi a rubutacciyar ƙa'idarmu, al'adarsa ce shi kaɗai. Abin da aka ce ya yi, ya yi shi. Ni ne na hana rubutunsa isa inda ya kamata, wata goma sha huɗu. Kuma ni na ce mata ta bi motar."

Shugaban kamfani ya ce a bar maganar, baƙin ciki ne ke sa shi. Manaja ya ce a rubuta yadda ya faɗa. Aka rubuta. Makaniki ya ci gaba da aikinsa. Manaja ya sa hannu a takardar manhajar a ranar, ya zauna wata huɗu har aka kafa manhajar, sannan ya ajiye muƙaminsa. Yanzu in gareji ya ce mota kada ta fita, mai gadi ma yana gani, kuma takardar fita ba ta buguwa. Ranar da aka gwada, mutane sun tafa. Shi bai ji wani sauƙi ba.

Matarsa daga bakinsa ta ji, a yammacin ranar zaman. Ta saurare shi har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗakin Auta ta rufe. Mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Daga baya wata safiya ta kira shi ya riƙe mata bakin buhu.

Tufafin Auta suka raba wa 'ya'yan ƙanwar matar. Littattafan kuwa, babban yayan Auta ya kwashe. Kwamfutar aiki ta koma kamfani, takalman sito masu ƙarfe a baki aka ba wata sabuwar ma'aikaciya da suka yi wa daidai. A aljihun teburinta na ofis an sami tabarau na karatu, sabo a cikin kwalinsa, da 'yar takarda manne: na Kawu Makaniki, don ya daina matse ido a gaban kwamfuta. Uwar ta juya shi a hannu, ta daɗe, sannan ta miƙa wa mijin ta ce ya kai masa. Ya kai. Dattijon ya goge hannunsa a jikin riga sau biyu kafin ya karɓa.