Shekarar da Inna Ta Kora Ni Tafiya a Ƙasa

Da na samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Bebeji, tumbina ya fara fitowa, gari kuwa ya taya ni murna. Duk wanda muka gamu sai ya dubi cikina kafin fuskata, ya ce, "Masha Allah, hutu ya karɓe ka." Ni ma daɗi nake ji. Da safe waina da miyar taushe, da rana soyayyen kifin dam ɗin Tiga a ofis, da la'asar fura da kindirmo, in koma gida in tarar da tuwo. Ko masallacin bayan gidanmu a babur nake zuwa.

Wata Juma'a aka sallame salla, kowa ya miƙe, ni na kasa. Gwiwa ta ƙi, kai yana juyawa. Wani dattijo sa'an kakana ya kamo hannuna ya ja, maimakon in tashi sai shi ya faɗo kaina. Muka zube a tabarma, shi dariya, ni dariya, har ladan ya leƙo.

Washegari matata ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Likitar, wata matashiya mai saurin magana, ta ɗora ni a sikeli, ta auna jinina.

"Malam, jininka ya hau, ciwon suga ma yana bakin ƙofa. Ƙibar nan ce. Ka rage mai da zaƙi, ka riƙa tafiya a ƙasa kullum."

Na tambaye ta allurar nan da nake ji a rediyo, mai narkar da teɓa. Ta ce akwai ta, ana ma ta bincike a kanta, amma mu da ƙafa za mu fara.

Ashe tafiya a ƙasa a Bebeji ba ta mai tumbi ba ce. Ban kai bakin titi ba 'yan acaɓa suka yi min caa. "Yallaɓai, babur ɗin ne ya lalace?" Wani abokin aikina ya ja ni gefe, ya tambaye ni cikin raɗa ko dakatar da ni aka yi. Na koma bin hanyar gonaki don in ɓuya, nan ma wani manomi ya tsayar da amalanken shanunsa ya rantse sai na hau.

Duk da haka na ɗan zabge. Ana nan mahaifiyata ta zo daga Kiru. Tana ganina ta sa salati, ta juya kan matata.

"Ke, me kike ba shi? Dubi wuyansa."

"Inna, likita ce ta hana," in ji ni.

"Kai ni wurinta."

Da shirin faɗa ta je. Likitar ta gaishe ta har da russunawa, ta lallaɓa ta ta auna jininta. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Mama, naki ya fi na ɗanki kyau nesa ba kusa ba. Me kike yi?"

Inna ta gyara zama. Ta ce ita tun tana budurwa a ƙasa take zuwa gona, a ƙasa take cin kasuwa. Kafin mu fito ta manta da faɗan, ta zama mataimakiyar likita.

Kullum bayan asuba sai ta buga ƙofata. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta wuce gaba, ina binta ina haki. Ɗan acaɓan da ya rage gudu sai ta galla masa harara, ta ce, "Wuce, magani yake sha." Duk matar da muka gamu da ita kuwa sai ta ji labarin jinin Inna, ni kuma in samu in jingina da bishiya in numfasa.

Kafin kaka jinina ya sauka, numfashina ya daidaita. Na kwashi wandunana na kai wa tela ya rage. Ya ɗaga ɗaya ya shanya a hannu, ya dube ni, ya ce abin da zai yanke zai ishi ɗan autana riga. Na ce ya ɗinka masa har da aljihu.