Takardar ban haƙurin da na amsa da "ba komai"

Salamu alaikum. Wata biyar kun ji ni shiru, har wasu sun ɗauka wayata ce ta ɓace. Kwanciya na yi.

Abin ya fara da zazzaɓi da kasala, ko alli ba na iya riƙewa a aji. Maigidana ya kai ni wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Kalgo. Sakamako ya fito wai ciwon suga. Aka ɗora ni a kan magani.

Maimakon sauƙi sai jiri da rawar jiki da zufa mai sanyi. Na tsorata, har na fara yi wa ƙanwata wasiyya a kan 'ya'yana.

Bayan sati biyu takarda ta iso gidanmu a Gwandu daga ɗakin gwajin: "Muna ba da haƙuri bisa duk wani rashin jin daɗi da wataƙila aka samu. Muna alfahari da ingancin aikinmu." Ba su faɗi abin da ya faru ba.

Mu kuwa a gidanmu, wanda ya ba ka haƙuri ba a tsare shi da tambaya. Na ɗauka daɗewar da muka yi a layi suke nufi. Na aika musu cewa ba komai, Allah ya yafe mana. Malamar makaranta guda, na ninke takarda na ci gaba da haɗiyar magani.

Kwana tara bayan nan na yanke jiki na faɗi ina shanya.

A asibiti aka sake gwaji. Taifod ce, sugana kuwa maganin ne ya zubar da shi. Likita ya karanta takardar ya ce, "Malama, da sun rubuta ki bar shan maganin ga, da ba ki zo nan ba."

Da aka bincika, ashe mu biyu ne masu suna A'ishatu a ɗakin gwajin a ranar, sunan uba ma ɗaya, aka musanya sakamako.

Kwanana goma sha ɗaya ana ƙarin ruwa da allurai. Da na miƙe na koma Kalgo da faɗa a bakina. Wadda ta rubuta takardar ta fashe da kuka, ta ce an hana ta ambaton kuskuren. Sai tausayinta ya kama ni.

Na nemi takwarata har Wurogauri. Ita ce mai sugan, ta yi ta shan maganin taifod. Yatsun ƙafarta biyu aka yanke. Na tarar da irin takardata ajiye cikin kwallar kayanta.

Ta ce, "Takwara, ni ma ba komi nic ce musu."

Alhamdu lillahi, na warke. Na gode wa maigidana da ƙanwata da duk wanda ya yi addu'a.

Masu rubuta ban haƙuri, ku faɗi laifin, ku faɗi abin da mutum zai yi yanzu. Mu kuma mu tambayi haƙurin mene ne kafin mu yafe.

Ku sa takwarata a addu'a, yanzu take koyon tafiya da sanda.