Jirgin da Aka Yanke wa Igiya

Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin da Baba ya ɗauko mahaifiyarsa daga Kano ya kawo ta Dubai don a duba mata gwiwa. Wata uku aka ce za ta yi, ta yi shekara huɗu tare da mu a unguwar Abu Hail, a gida mai ɗaki biyu a hawa na uku, saman shagon wani mai gasa gurasa. Iya muke ce mata. Ba mu da tsakar gida, ba mu da murhu. Abin da muke kewayewa bayan sallar isha'i shi ne kaskon turarenta na lantarki a tsakiyar falo, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani a bango.

A shekarun nan wata tashar yara tana nuna wani katun na Japan bayan la'asar, an juya shi zuwa Larabci. Labarin yaƙi ne tsakanin dauloli biyu a sararin samaniya, wanda aka ɗauko daga wasu dogayen littattafai. Jirage ne birjik cikin duhu, da hafsoshi masu dogon jawabi. Ni da ƙanena Nasiru ba ma fashin kallonsa. Iya ba ta jin Larabcin talabijin, sai ɗan abin da ta tsinta a Sudan tana yarinya, saboda haka ni ce tafintarta.

"Ƙawata, wannan mai hula kamar kwanon sha, wane ne?"

"Babban kwamanda ne, Iya."

"Madugu ke nan. Ki ce madugu mana, kina ta wahalar da baki. Na bayansa fa?"

"Rundunarsa ce."

"Ayari."

Da dare sai ta mayar mana da abin da muka kalla, ta gyara shi yadda ya yi mata. Ta ce, "Ga ta nan, daga inda babu ƙasa." Mu ce, "Ta sauko mu ji ta." Taurari su zama zango, man jirgi ya zama guzuri. Mun fi son nata, domin a nata ana cin abinci, ana kuma zage-zage.

Wata rana aka nuna runduna ɗaya tana gudu bayan an ci ta da yaƙi. Wani ƙaramin jirgi ya lalace, aka umarci wani hafsa ya tsaya ya ja shi. Da ya ga sauran sun yi nisa sai ya yanke igiyar, ya cim musu, ya ba da rahoto cewa jirgin ya tarwatse da matuƙinsa. Abin bai fi minti biyu ba. Iya ta sa na maimaita mata rahoton nan sau uku. A mako na gaba aka ƙara wa hafsan girma, ba a sake ambaton ƙaramin jirgin ba.

Iya kuwa ba ta sake ba da wani labari ba sai shi. Ta raɗa wa matuƙin suna Habu, ta yi masa ƙanwa. A bakinta, Habu bai mutu nan take ba, kwana tara ya yi shi kaɗai yana kiran ayari. Ƙanwar ta ji labari, ba ta yi kuka ba. Ta nemi aikin girki a jirgin hafsan, ta shekara arba'in tana dafa masa abinci, bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba. Da ya tsufa, ta lallaɓa shi cikin wani ƙaramin jirgi, ta ajiye masa ruwan kwana tara daidai, da rediyon da yake jin mutane amma ba a jin sa, ta yanke igiyar.

Nasiru ya ce, "Iya, ba haka aka nuna ba."

"Su Japan ɗin suna wurin ne? Rufe mini baki, mai kunnen faranti."

Umma ce ta warware mini abin a ɗakin girki. Iya tana 'yar shekara goma sha biyu, lokacin ana kiranta Ta-Sallah, iyayenta suka bi ayarin masu tafiya Makka ta ƙasa. A wani ƙauye a Sudan zazzaɓi ya kwantar da yayanta Habu. Ƙa'idar tafiyar ita ce ba a barin marar lafiya shi kaɗai, sai a ware mutum guda ya zauna da shi har ya warke ko ya cika. Madugu ya ware wani saurayi mai suna Tanko. Bayan kwana biyu Tanko ya cim musu, ya ce Habu ya rasu, ya kuma binne shi da hannunsa. Aka yi masa godiya, mahaifin Iya har ya ba shi kyautar riga. Sai a Makka wasu 'yan ayarin baya suka ba da labarin wani saurayi Bahaushe da mutanen ƙauyen suka tsinta a rumfa, wanda ya yi kwana tara yana kiran sunayen da babu wanda ya sani. Tanko ya rantse ba shi ba ne. Manya suka ce a bar wa Allah. Abu ɗaya Iya take so tun daga ranar, Tanko ya faɗa da bakinsa cewa da rai ya bar shi.

Baba aikin tura kaya yake yi a unguwar Al Ras, kuma duk ɗan kasuwar da ya zo daga gida ta hannunsa, sai ya kawo shi ya ci tuwo ranar Juma'a. A shekara ta uku ya ce za a yi baƙo, wani dattijo mai sarin takalma a kasuwar Naif, Alhaji Tanko. Iya ta tambayi garinsu da sunan mahaifinsa. Baba ya faɗa, bai san komai ba. Ta ce ita za ta yi miyar.

Alhaji Tanko ya ci ya ƙoshi, ya yaba miyar kuka har sau biyu. Bayan isha'i ya shigo falo ya gaishe da mahaifiyar mai masaukinsa, kamar yadda aka saba. Bai gane ta ba. Ta ce ya zauna ya sha shayi, yara za su ji tatsuniya.

Baba ya yi dariya. "Hajiya, yau ma jiragen ne? A bar Alhaji ya huta, khalas, ya isa haka."

"Zai ji daɗinta. Matafiyi ne."

Ta fara. A daren nan ba ta yi zagi ba, ba ta kwaikwayi muryar kowa ba. Ta ce ayarin sama ya sauka a wani zango mai rumfar kara da rijiya ɗaya. Ta ce sunan matuƙin Habu, yana da tabon ƙuna a wuyan hannu. Ta ce da hafsan ya dawo da rahotonsa, uban Habu ya cire rigarsa ya ba shi. A nan na ga Alhaji ya ajiye kofi a ƙasa.

Iya ta ce, "Alhaji, kai da ka san hanyar nan, mutum mai zazzaɓi kwana nawa yake yi shi kaɗai?"

Alhaji ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Ta-Sallah ce?"

"Ita ce. Amsa nake jira."

"Yana numfashi na tashi," in ji shi. "Na ji tsoro kada ayari ya yi nisa in mutu a can. Na ajiye masa ruwa a gora. Wallahi na ajiye masa ruwa."

"Sake faɗin ta farkon, ɗana bai ji ba."

Ya sake faɗa. Sannan ya sauko daga kujera, dattijo mai furfura, ya durƙusa a kan dardumarmu. "Ta-Sallah, don girman Allah ki yafe mini."

"Ai ba ni ka bari ba. In kun haɗu, ka roƙe shi." Ta juyo gare mu. "Ku tashi ku kwanta, ta ƙare."

Baba ya raka shi ƙasa ya tsayar masa da tasi. Alhaji Tanko bai sake bi ta hannun Baba ba, Baba kuma bai taɓa yi wa mahaifiyarsa ƙorafi ba. Bayan shekara guda aka bugo waya cewa Alhaji Tanko ya rasu. Iya ta tambaya ko akwai mutane a kansa lokacin da ya cika. Aka ce duk 'ya'yansa suna wurin. Ta ce, "To, ya yi sa'a."

Da na girma na sayi littattafan nan da Turanci, na bi su ina neman ƙaramin jirgin. Layi kaɗan ne a ƙasan wani shafi. Marubucin dauloli ne suka dame shi, matuƙin ko suna bai samu ba. Na sha jin 'yan uwa suna cewa da Iya ta yafe da ya fi mata lada, kuma ba na musu da su. Amma na lura cewa haƙurin da aka ba ta tana yarinya, an ba ta shi ne tun kafin kowa ya amsa laifi, kuma wanda ya fi kowa morar haƙurin nan shi ne mai laifin. Ita ta ƙi. Har ta rasu ba ta yafe ba, ban kuma taɓa ganin alamar abin yana damunta ba. Abin da na gani shi ne, washegarin zuwan Alhaji Tanko ta sa Baba ya sayo rago aka yi wa Habu sadaka. Ta ce sai yanzu ta san ranar da za ta fara ƙirga mutuwarsa.