Ranar da aka sa Talatu ta tsallaka ƙanena

"Kaka, me ya sa suka tsane shi, alhali shi yake cetonsu?"

Jikata Ummi ce take karanta min littafin wani yaro mai sihiri da garinsu suka tsangwama. Tana yin tambayar, Talatu ta faɗo min a rai.

Ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in muna zaune a unguwar Congo-Russia, kusa da tafkunan da masu haƙar kuza suka bari. Talatu ƙawata ce, idonta kamar na mage. Takan ɓoye tsakuwar kuza a tafinta, ta zaro ta daga kunnenka, mu yi ta dariya. Manya kuwa suka ce mayya ce.

Da zazzaɓi ya kwantar da ƙanena Sani, har ya daina gane mutane, mata suka jawo ta tsakar gidanmu, wai sai ta tsallaka shi ta saki kurwarsa.

Ta tsallaka, ko hawaye babu. Ta dubi mahaifiyarmu ta ce, "Inna, in ya tashi za ku ce ni ce. In bai tashi ba ma ni ce."

Kafin la'asar Sani ya buɗe ido. Ya ce, "Ina shiga tafkin kuza, Talatu ta janyo hannuna."

Wallahi yaron bai bar tabarma ba, amma jan laka ne danƙare a ƙafafunsa, ɗanye.

A cikin satin iyayenta suka kwashe kaya suka bar unguwar. Babu wanda ya ce mata an gode.

Ku fa, me za ku gaya wa Ummi?